Shiga dukanci da furfura a kai: mutanen da hanyar take bi ta kansu

Mu da muka shiga dukanci bayan mun haura shekara 45, a Marwa da Garwa da Kusiri da ke arewacin Kamaru, ba a gidan dukawa aka haife mu ba. Wani tuƙin babbar mota ya bari, wani alli ya ajiye, wani kuwa fataucin kan iyaka ne ya mutu a hannunsa lokacin da hanyar Banki, a kan iyakar Najeriya, ta rufe. Tun ƙarshen 2020 ma'aikacin gwamnati a Kamaru yana ritaya ne da shekara 55 ko 60, gwargwadon matsayinsa, kuma mutum a wannan shekarun da sauran ƙarfinsa da sauran idonsa. Da yawa tun suna samari hannunsu yake son fata, neman abinci ne ya kai su wani wurin. Abin da muka tarar shi ne kowane mataki na wannan canji yana da mutumin da yake tsaye a bakinsa. Wanda ya zo da kuɗin sallamarsa kawai yakan sayi kayan aiki ya jibge a ɗaki, shekara ta zagayo bai ɗinka jaka ɗaya da za a saya ba.

Matakin farko shi ne samun wanda zai kai ka. Rumfar baduku ba makaranta ba ce da ake biyan kuɗi a zauna. Sana'a ce ta gado, yawancin yaran da ke cikinta 'ya'ya ne ko 'ya'yan 'yan'uwa. In dattijo ya zo shi kaɗai ya ce yana son koyo, za a karɓe shi da fara'a, a shimfiɗa masa buzu, a kawo shayi, amma ba za a ba shi wuƙa ba. Maigidan rumfa yana tsoron abu uku: kada ka ɓata masa fata ya kasa yi maka magana, kada ka gaji ka tafi bayan ya ɓata lokacinsa, kada kuma ka koya ka buɗe a gefensa ka janye masu sayensa. Mai kai ka shi ne yake ɗauke masa wannan tsoro, domin shi za a nema in magana ta taso.

Wa ya fi dacewa ya kai ka? Ba wanka ba, ba surukinka ba. Ɗan'uwa na jini shaidarsa ba ta da nauyi a wurin baduku, kowa ya san zai yabe ka. Wanda maganarsa take shiga shi ne wanda yake da hulɗar kuɗi da maigidan kuma bai taɓa cin amanarsa ba: dillalin fata, ko mahaucin da yake tara masa fatu, ko wani da ya daɗe yana sayen kayansa yana kaiwa kudu. Limamin unguwa ma yana yi, sai dai shi halinka zai shaida, ba juriyarka ba. Ana zuwa da goro, bayan la'asar, kuma a Marwa ba a zuwa ranar Litinin, ranar kasuwa ce, hankalin kowa yana kan ciniki.

A wannan zaman ake yanke komai, a gaban mai kai ka, tun fuska ba ta saba ba. Awa nawa za ka zauna a rana. Wa zai biya fatar da ka lalata (mun ga ya fi sauƙi ka ce kai za ka riƙa sayen taka fatar koyo, sai hankalin maigida ya kwanta). Yaushe za a bar ka ka karɓi aikin kanka. In ka ƙware, a wace unguwa za ka zauna. Wannan na ƙarshe mutane suna jin nauyin ta da shi a ranar farko, alhali shi ne yake raba zumunci bayan shekara biyu. A faɗe shi, a shafa fatiha a kansa.

Kafin ka yarda da maigida, juya kayansa ka duba ciki. Fuskar jaka kowa yana iya gyara ta. Bayan ɗinkin ne yake nuna ko zaren yana tafiya a layi ɗaya, ko an ɓoye ƙulli, ko an rage kaurin baki kafin a naɗe. Ka kuma tambayi inda tsofaffin yaransa suke. In suna da rumfunansu kuma har yanzu suna zuwa gaishe shi, to yana koyarwa da gaske.

Sai maganar girma, wadda ita ce ta fi komai wuya, kuma babu wanda yake faɗa maka ita tun farko. Maigidan naka wataƙila sa'an ƙaninka ne, wani lokacin ma sa'an ɗanka. Kai za ka ce masa Maigida ko Malam, shi zai ce maka Baba ko Alhaji. Wannan ladabi ne mai kyau, amma yana da illa: ba zai iya ce maka aikinka ya lalace ba. Yaro ɗan shekara 12 in ya karkata ɗinki, a take ake farke shi a ce ya sake. Kai kuwa za a karɓa a ce "madalla, Baba, hannu yana zuwa," in ka tafi gida a farke a gyara. Mutum yana iya shekara a haka bai san ba a koya masa komai ba. Maganin da muka ga yana aiki shi ne ka roƙi gyara da bakinka, kuma ka ba maigida wurin da zai yi maka shi ba tare da ya ji ya ci mutuncinka ba: ka riƙa nuna masa aikinka bayan yara sun tashi, ku biyu, ka ce, "Maigida, nuna mini wuri uku da ba za ka sayar da wannan ba saboda su." Tambaya mai adadi tana cire kunya, domin ba ra'ayinsa ka nema ba, lissafi ka nema. Babban yaron rumfa ma ka ja shi a jiki. Shi ne yake da lokaci, kuma sau da yawa shi ne ya fi kusa da tuna yadda ake koyo.

Ana ɗauke wa dattijo shara da aike. Shara ka bari a ɗauke maka in an matsa. Aike kuwa kada ka yarda, domin aiken rumfa shi ne zuwa majema, zuwa wurin mai zare da gam, zuwa kai kaya tasha. A nan yaro yake sanin mutanen sana'a tun yana ƙarami, kuma su ne ainihin abin da kai ka rasa.

Aikin hannu yana farawa daga wasa wuƙa, ba daga ɗinki ba. Wuƙar da ba ta da kaifi tana jan fata, fatar akuya kuwa tana miƙewa, sai yankan ya fito a karkace ko da ka bi layi. Ana wasawa a dutse, a goge a bayan guntun kirgi, a gwada a kan tarkace. Ana yanka a kan katako mai laushi ko faifan roba, ba a kan siminti ba. Daga nan sai rage kaurin baki: duk inda za a naɗe ko a haɗa fata biyu, ana fere wajen santimita ɗaya daga gefe ta bayan fatar har ya koma rabin kaurinsa. In ba a yi ba, bakin jaka yana kumbura, zif ba ya zama. In an zarce, basilla tana yaga wurin. Wannan kaɗai yana cin makonni.

Fata tana da hanya. Ta tsawon gadon baya ba ta miƙewa sosai, ta faɗi kuwa, daga ciki zuwa ciki, tana miƙewa. Saboda haka igiyar jaka da maɗaurin takalmi da ɗamara ana yanko su ne a tsawon gadon baya. Wajen ciki da hammata, inda fatar take sako-sako, a bar shi don shafi na ciki. Sabon shiga yana son ya ci fatar duka kada ya yi asara, sai ya jera kwalin awonsa ta kowace fuska. Takalmin zai yi kyau a rumfa, bayan sati biyu ƙafa ɗaya ta saki ɗaya ba ta saki ba.

A ɗinki, huda uku a santimita ɗaya ya isa ga jaka da zabira. A takalmi da kayan doki ana buɗa tazarar kaɗan a ƙara kaurin zare, domin huda masu yawa a wurin da ake ja suna mayar da fata kamar takardar da aka tsattsaga don a yage. Zare a shafe shi da kakin zuma. Gam kuwa ana shafa shi a fuska biyu, siriri, a jira har ya daina kama yatsa, sannan a haɗa a buga da guduma. A zafin Maris zuwa Mayu yana shan iska cikin 'yan mintuna, da damina yana ɗaukar lokaci, da hunturu kuma ƙura tana hawa kansa ta hana shi kamawa. Ƙasan takalmin da ya ɓalle a hannun mai saye, galibi an haɗa shi ne gam yana ɗanye.

Jikin mai shekaru yana da nasa sharaɗi. A auna ido a sa tabarau tun farko, a yi yanka da ɗinki mai ƙanƙanta da safe a bakin ƙofa inda haske yake, a bar shafa mai da goge baki zuwa yamma. Zaman ƙasa na awa shida ba na mai ciwon baya ba ne. Ƙaramar kujera da teburi mai tsayin gwiwa ba abin kunya ba ne, ko da sauran rumfar a tabarma suke.

Mutum na uku a hanyar shi ne majemi, kuma a nan ne sanayya take koma kuɗi a fili. Marwa ta yi suna da jima tun da daɗewa, kuma har yau da bagaruwa ake yin ta: a jiƙa fata, a sa ta a ruwan toka ko farar ƙasa gashi ya saki, a kankare, a wanke, a tsoma a ruwan bagaruwar da aka daka, a shafa mai, a shanya. Kowane majemi ya san a cikin fatunsa wacce ta ji bagaruwa har ciki, wacce aka ciro da gaggawa saboda kasuwa. Ta farko tana zuwa wurin wanda ya sani, ta biyu wurin baƙo. Ba mugunta ba ce, haka ciniki yake. Shi ya sa zuwanka na farko ya zama tare da maigida ko babban yaronsa, a ce "wannan namu ne." Kalmar nan tana canza tulin da za a ɗauko maka.

Duk da haka ka koyi dubawa da kanka, don kada ka zama nauyi a kan sunan wani. Ɗaga fatar a rana: yankan wuƙar fiɗa yana fitowa a matsayin layi mai haske, cizon kaska da tabon kirci kuma ɗigo-ɗigo. Yanki ɗan gefe wajen wuya, inda ta fi kauri, ka duba tsakiyar yankan. In akwai farin layi a ciki, jima ba ta kai ba, za ta bushe ta yi tauri kuma za ta yi wari in ta ji ruwa. Naɗe ta gida huɗu ka matsa. In fuskar ta tsage, ta sha rana fiye da kima ko mai ya yi mata kaɗan. Jar fata, ko da karan dafi aka rina ta ko da garin rini na kanti, goga mata farin ƙyalle mai laima sau goma. In ƙyallen ya yi ja, haka za ta yi wa farar rigar mai saye ranar Juma'a, kuma ba zai dawo ba, ba zai kuma yi shiru ba. Ƙarfe da bagaruwa in sun haɗu baƙi suke bayarwa: da wannan haɗin ake samun baƙin rinin da ake kira kuloko, don haka fata mai laima in ta kwana a kan teburin ƙarfe ko ta taɓa ƙusa mai tsatsa, baƙin tabo ya zauna ke nan. Da damina a rataye fatu inda iska take wucewa, kada a tara su a leda, fumfuna tana cin su cikin kwanaki.

Sayen farko kada ya wuce fata biyar ko shida na akuya, kuma a biya a take. Bashi zai zo da kansa daga baya. Majemin da ka biya shi sau da yawa ba tare da ja-in-ja ba shi ne zai ce ka ɗauka ka kawo bayan Sallah, shi ne kuma zai aiko yaro ya gaya maka an fitar da masu kyau. Bayan layya fatun raguna suna yawa, amma fatar rago ba ta kai ta akuya ƙarfi ba, tana ɓarewa. Ta shafi ce da tim-tim, ba ta maɗaurin takalmi ba.

Akwai abin da sanayya take kawowa wanda dole a ƙi. Wani zai zo maka da fatar kada ko mesa ko guza a ɓoye, da araha, saboda ya san ka. Waɗannan namun daji doka tana kare su, fitar da kayansu daga ƙasa sai da takardar izini, kuma sabon shiga ba shi da hanyar sanin asalin fatar. Ka ce ba ka iya aikinta ba.

Yanzu kasuwa, inda mai shekaru ya fi yaro nesa ba kusa ba. Cibiyar masu sana'ar hannu da ke bakin babbar kasuwar Marwa ta daɗe tana rayuwa da baƙi 'yan yawon buɗe ido masu zuwa gandun dajin Waza da duwatsun Rumsiki. Tun da aka sace wasu Faransawa 'yan gida ɗaya kusa da Waza a watan Fabrairun 2013, wannan kasuwa ta ja baya ƙwarai, kuma dukawan da suka saba jiran Bature a rumfa sun sha wuya. Masu sayen da suka rage na gida ne: mai neman takalmin Sallah, uwar amarya mai neman tim-tim, almajiri da malami masu neman gafaka, mahayan da suke gyara sirdi da linzami kafin hawan lamiɗo, ma'aikacin da yake son jakar takardu. Waɗannan kuwa su ne mutanen da ka yi shekara 30 kana cuɗanya da su. Tsohon direba ya san wanda zai ɗaukar masa ƙunshi daga Marwa zuwa Ngaundare a sa a jirgin ƙasa, ya san mai shago a unguwar Birketiri ta Yawunde ko a unguwar New Bell ta Duwala. Tsohon malami yana da ɗalibai a kowane ofis. Wanda ya yi fatauci a Kusiri yana jin Larabcin Chadi, ya san yadda ake tsallaka gadar Ngeli zuwa Chadi da kaya, kuma sefa ɗaya ce a Njamena, babu ruwansa da canji. Maigidanka, wanda ya fi ka hannu sau goma, wataƙila ba shi da ko ɗaya daga cikin waɗannan.

A nan ne dabarar take. Kada ka ɓoye waɗannan mutane kana jiran ranar da za ka buɗe taka rumfar. Kawo su rumfar maigida tun kana koyo, aikin ya fita da sunansa da hannunsa. Riba biyu ce. Shi zai ga ba ci kawai ka zo yi ba, sai ya buɗe maka abin da yake ɓoyewa, irin su haɗin rini da kwalayen awo da ya gada. Mutanenka kuma ba za su fara sanin ka da kayan koyo ba. Tsohon abokin aiki zai sayi jakarka ta farko don kunya, ba zai sayi ta biyu ba in ta farko ta farke, kuma shi ne zai gaya wa sauran. Kayan shekarar farko a yi kyauta da su ga yara a gida, kada a sayar wa wanda kake so ya zama mai saye na dindindin.

'Yan'uwa na jini suna da amfaninsu, amma ba a ciniki ba. Su ne za su riƙe gida lokacin da kuɗi ba ya shigowa, kuma uwargida ita ce ta farko da ya kamata a zauna da ita a yi lissafi, domin ita za ta ji canjin a tukunya, ita kuma za ta ji maganar mutane, musamman a gidajen da ake ganin aikin fata bai dace da mai asali ba. A ciniki kuwa ɗan'uwa yana ɗauka ya ce zai aiko, kai kuma ba ka iya bi. Tun farko ka sa ƙa'ida ɗaya ga kowa: rabin kuɗi kafin a yanka fata. In na nesa ne ya turo ta Orange Money ko MTN, ka tura masa hoton fatar ta WhatsApp a hasken rana kafin ka yanka, domin jan da yake gani a waya ba lallai shi ne jan da ke hannunka ba. Takalmi kuma kada ka dogara da lamba kaɗai. 42 na wani ba 42 na wani ba ne. Ya taka takarda a zana ƙafar, a auna tsawo da faɗi da santimita.

Kuɗin sallama ko na adashi kada a zuba su a keken ɗinkin fata tun farko. Wuƙa biyu, almakashi, basilla, guduma, dutsen wasa, abin huda da katakon yanka sun isa shekara guda. Inda ake buƙatar keke, akwai mai keke a kusa da ake biya a kan kowane ɗinki, kuma zama a wurinsa wata ƙofar sanin mutane ce. Rajista a ofishin magajin gari a matsayin mai sana'ar hannu, wadda dokar sana'ar hannu ta 2007 ta tanada, tana da amfani in kana son a kira ka baje koli irin SIARC, babban baje kolin sana'ar hannu na Yawunde. Amma labarin ranar da za a tantance kaya yana riga isa rumfunan da ke cikin ƙungiyar dukawa kafin ya isa allon sanarwa, don haka shiga ƙungiyar, ka riƙa biyan kuɗin wata, ka je jana'iza da suna.

Yaye ba ya zuwa da takarda. Alamarsa ita ce ranar da maigida ya miƙa maka aikin mai saye ya tashi ya tafi masallaci bai tsaya duba yankan ba. Daga nan sai a koma wurin wanda ya kai ka, a sake zama ku uku, a tuna abin da aka yanke game da unguwa. Mun ga ya fi lafiya ka zaɓi abu ɗaya da maigida ba ya yawan yi, in shi na takalmi ne kai ka kama jaka da gafaka, don ku riƙa tura wa juna masu saye. Kwalayen awon da ya ba ka aro ka kwafa ka mayar masa da nasa. Makonni uku kafin Sallah aiki yana fin ƙarfin kowace rumfa, a lokacin zai fara turo maka ragowar nasa. Ku yanke kuɗin kowane guda kafin ka taɓa fatar, a kuma faɗi ko da zarensa da gam ɗinsa za ka yi ko da naka.